Darasi na 12: Jinyar Mikin Tiyata ga Mai Karɓar Maganin Kemo

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana son ɗalibi ya iya:

1. bayyana yadda miki ke warkewa, da abin da ke jawo wa na mai karɓar kemo jinkiri;
2. wanke miki da rufe shi a gida kamar yadda ma'aikatan lafiya suka koyar;
3. haɗa wa majinyaci abincin da ke gina sabon nama;
4. gane alamomin da ba a kwana da su a gida.

Gabatarwa

Cibiyar binciken cutar daji da ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 kaɗai fiye da mutum 120,000 ne suka kamu da cutar daji a Najeriya, kuma sankarar mama ce kan gaba. Manyan hanyoyin magani uku ne: tiyata, da kemo, wato magani mai ƙarfi da ake sawa a ƙarin ruwa ko a haɗiya don kashe ƙwayoyin cutar, sai kuma gashi da na'ura. Majinyata da yawa sai an haɗa musu biyu, wasu ma duka ukun.

Wanda aka yi wa aiki a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko na Shika a Zariya, ko na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ba ya daɗewa a kwance. Kwanaki kaɗan ake sallamarsa, mikin ya koma gida tare da shi. Daga nan kulawar yau da kullum ta faɗa hannun 'ya, ko miji, ko ƙanwa, waɗanda galibi ba a taɓa koya musu komai kan jinya ba. Dominsu aka rubuta wannan darasi. Ba zai mai da kowa likita ba, amma zai sa mai jinya ya san abin da hannunsa zai yi, da lokacin da zai nemi mota.

1. Yadda miki ke warkewa

Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Fata ita ce bangon jiki. Likita ya tsaga ta ne don alheri, amma ƙwayoyin cuta ba ruwansu da niyyarsa, kafa kawai suke nema. Shi ya sa jiki ke fara yaɓe tun kafin a fito da mutum daga ɗakin tiyata. Aikin mataki huɗu ne.

Na farko, tsayar da jini. Wasu ƙananan ƙwayoyin jini suna taruwa su toshe bakin jijiyoyin da aka yanke, cikin mintoci.

Na biyu, shara. Fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne sojojin jiki, suna kwararowa su cinye ƙwayoyin cuta da mataccen nama. Ɗan ja da ɗumi da kumburin da ake gani a kwanaki 4 zuwa 6 na farko alamar wannan aiki ce.

Na uku, gini. Daga wajen kwana na 4 zuwa mako na 3, sababbin jijiyoyin jini suna tsirowa, wasu ƙwayoyi kuma suna saƙa wani zare mai suna kolajin da ke riƙe naman. A buɗaɗɗen miki, wannan ne jan naman nan mai sheƙi da ke tasowa daga ƙasa.

Na huɗu, ƙarfafawa. Tabo yana ci gaba da yin ƙwari har shekara guda ko fiye. A mako na 3 ƙarfin wurin bai wuce kashi 20 cikin 100 na lafiyayyiyar fata ba, kuma ko ya gama warkewa yana tsayawa ne a wajen kashi 80. Saboda haka haɗewar fata a ido ba ita ce warkewa ba.

2. Abin da kemo ke yi wa wannan aiki

Ƙwayoyin cutar daji suna hayayyafa da sauri, kuma masu saurin hayayyafa ake aika kemo ya kashe. Sai dai maganin ba ya tantancewa sosai. Yana taɓa tushen gashi, gashin kai ya zube. Yana taɓa fatar cikin baki, bakin ya yi gyambo. Yana taɓa ɓargo, inda ake ƙera jini. Haka nan yana taɓa ƙwayoyin da ke gina sabon nama a miki, domin su ma cikin gaggawa suke ninkuwa.

Taɓa ɓargo ya fi komai haɗari, don abu uku ke raguwa lokaci guda. In fararen ƙwayoyin jini suka ragu, miki ya rasa masu gadi. In jajaye suka ragu, iskar oksijin ba ta isa wurin yadda ya kamata. In masu tsayar da jini suka ragu, ɗan gogar bandeji ma sai ya jawo zubar jini. A yawancin magungunan kemo, fararen ƙwayoyin suna kaiwa maƙurar ƙasa tsakanin kwana 7 da 14 bayan an sa maganin, sannan su fara farfaɗowa. Ku riƙe waɗannan lambobi biyu, za mu dawo kansu.

Akwai wasu abubuwan da ke ƙara wa jinkirin nauyi:

- Rama. Tashin zuciya da ciwon baki da ɗacin harshe suna hana ci, alhali a lokacin ne jiki ya fi bukatar abinci.
- Ciwon suga. Suga mai yawa a jini yana kashe wa fararen ƙwayoyin jini kuzari.
- Taba da shisha. Nikotin yana tsuke jijiyoyi, hayaƙin kuma yana rage oksijin a jini.
- Gashi. Fatar da aka taɓa gasawa da na'ura ba ta da wadatattun jijiyoyi, ko da an yi shekaru.
- Magungunan sitiroyid, irin su dekzametazon da firedinisolon. Likita kan ba da su tare da kemo bisa lissafi, kuma ba a dainawa sai da izninsa. Haɗarin yana wurin 'yan uwan da suka ga majinyaci ya rame suka sayo masa "sha ka fashe" a kemis. Irin waɗannan ƙwayoyi sau da yawa sitiroyid ne. Fuska ta cika, miki ya tsaya cik.

Sau da yawa in miki ya ƙi warkewa sai a ji ana cewa, "Dama daji ba ya son ƙarfe," ko "ba ya son allura." Wannan magana ta hana mutane da yawa komawa asibiti har lokaci ya ƙure musu. Jinkirin yana da dalilai sanannu, waɗanda muka lissafa, kuma mafi yawansu ana iya gyara su.

3. Lissafin lokaci

Likitoci ba sa haɗa sabon yanka da kemo a lokaci ɗaya. In tiyata ce ta riga, akan jira kamar mako 3 zuwa 6 kafin a fara maganin. In kemo ne ya riga, don a rage girman ƙari, akan ba jini makonni ya farfaɗo kafin a shiga aiki. Wani magani mai suna befasizumab, da aka fi sani da Avastin, aikinsa hana tsirowar sababbin jijiyoyi ne, don haka ƙa'idarsa a bar tazarar aƙalla kwana 28 kafin tiyata da kwana 28 bayanta, kuma sai miki ya warke.

Amma jiran ma yana da iyaka. Ga mai sankarar hanji ana son a fara kemo cikin mako 8 bayan aiki, ga mai sankarar mama kuma wuce mako 12 yana rage amfanin maganin. A nan za ku ga girman aikin mai jinya: duk makon da miki ya ɓata da ruwa ko mugunya, mako ne da aka ƙara wa ragowar ƙwayoyin cutar. Ɗaga ranar kemo ko ci gaba da shi hukuncin likitan daji ne da likitan tiyata. Majinyaci ya je ranar da aka ba shi, ko da miki yana ruwa, ya nuna musu.

4. Wankin miki a gida

Inda hali ya yi, a bar wa nas wankin miki. In an sallame ku da umarnin yi a gida, kada ku bar asibiti sai nas ta yi a gabanku, ku ma kun yi a gabanta. Ku tambayi sau nawa za a canja, da ranar cire zare. Akan cire shi tsakanin kwana 7 da 14, amma na mai karɓar kemo likita yana iya barinsa ya ƙara kwanaki.

Kayan aiki: safar hannu, goz na asibiti wanda ba a buɗe ba, filasta, ruwan gishirin asibiti da ake kira nomal salayin, tire mai tsabta, da leda ta zuba shara. Ruwan gishirin nan giram 9 ne na gishiri a lita ɗaya, daidai da abin da naman jiki ke jurewa, shi ya sa ba ya ƙona sabon nama.

1. A zaɓi ɗaki mai haske, a kashe fanka, a rufe taga saboda ƙura da ƙuda. A fitar da yara.
2. A wanke hannu da sabulu da ruwa mai zuba, har tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce, na aƙalla daƙiƙa 20. A sa safar hannu.
3. A ɗaga tsohon bandeji a hankali. In ya manne, kada a fizge. A jiƙa shi da salayin, a jira ya saki da kansa, domin abin da ya manne a jikinsa shi ne naman da aka yi kwanaki ana ginawa.
4. A duba bandejin kafin a jefar: ruwan wane launi ne, ya fi na jiya yawa, yana wari?
5. A canja safar hannu. A jiƙa goz, a shafa sau ɗaya daga kan ɗinkin zuwa waje, a jefar, a ɗauki sabo. Ba a komawa da goz ɗin da ya taɓa gefe zuwa tsakiya. Ba a amfani da auduga a cikin miki, don tana barin zare.
6. A tsane fatar gefe, a rufe da sabon goz, a manna filasta ba tare da matsewa ba.
7. A ƙulle leda, a sake wanke hannu, a rubuta abin da aka gani. Mai waya ya ɗauki hoto daga nisa iri ɗaya kullum, don likita ya ga ko mikin na raguwa.

Mutane da yawa sun ɗauka miki sai ya sha iska ya yi ɓawo yake warkewa. A 1962 wani masani a Ingila, George Winter, ya nuna cewa sabuwar fata ta fi saurin rufe raunin da aka lulluɓe yana da ɗan laima, kusan ninki biyu, a kan wanda aka bari ya bushe. Abin da ake so shi ne laima kaɗan, ba jiƙewa sharkaf ba. In bandeji ya jiƙe ya ɓullo waje, a canja shi ko lokacinsa bai yi ba.

Wadda aka cire wa mama takan koma gida da siririn tiyo mai janye ruwa daga ƙirji ko hammata. A riƙa auna ruwan kullum ana rubutawa, domin da adadin ne likita ke sanin ranar cire shi. Wanda aka yi wa aiki a ciki kuwa ya haƙura da daka, da jan guga, da ɗaukar jarka na kamar mako 6, in tari ya zo ya dafe wurin da matashin kai. Batun alwala da wanka, shari'a ta yi sauƙi ga mai rauni: akwai shafa a kan bandeji, akwai taimama. A tambayi malami, kada a jiƙa miki.

5. Abin da ba a sa wa miki

Toka, ƙasa, kashin shanu, garin sassaƙe da daddakakken ganye suna iya ɗauke da ƙwayoyin cuta, har da na sandarewar jiki wato tetanus. Jikin da sojojinsa suka ragu ba zai iya da su ba. Sifirit da haidurojin suna kashe sabon nama tare da ƙwayoyin cutar, don haka ba a zuba su cikin buɗaɗɗen miki. Fasa kafso a barbaɗa garinsa ba ya magance komai, sai dai ya koya wa ƙwayoyin cuta jure magani. Gasa wurin da ruwan zafi yana iya ƙona fata, musamman da yake gefen ɗinki kan yi dindiris, majinyaci ba ya jin zafin. Zuma kuwa gaskiya ne ana amfani da ita a wasu asibitoci, amma wadda aka tace aka kashe mata ƙwayoyin cuta ce, kuma ma'aikacin lafiya ne ke sawa. Duk wani jiƙo ko tsimi da majinyaci ke sha, a gaya wa likita, don wasu suna cin karo da kemo a hanta.

6. Abinci

Da furotin ake gina nama. Mai miki yana bukatar kamar giram 1.2 zuwa 1.5 a kan kowane kilo na nauyinsa a rana. Mai kilo 60 ke nan yana neman giram 72 zuwa 90, ƙwai ɗaya kuwa giram 6 ne. Kunu da farar shinkafa ba za su kai shi ko'ina ba. Ba sai an yanka kaza kullum ba: wake, alala, ƙosai, awara, kunun gyaɗa, busasshen kifi a miya, ƙwai da madara duk suna yi. Masu cewa gyaɗa ko ƙwai na sa miki ruwa sun hana majinyaci abin da ya fi bukata. Ƙwayoyin cuta ne ke kawo mugunya.

Jiki ba ya saƙa kolajin sai da bitamin C, wanda ke cikin gwaiba, lemu, tattasai, tumatir da garin 'ya'yan kuka. Sinadarin zinki kuma yana cikin nama, wake da riɗi. Wanda zuciyarsa ke tashi a ba shi kaɗan-kaɗan sau 5 ko 6 a rana. Mai ciwon baki a ba shi mai laushi, marar yaji. A kwanakin da jini ya yi ƙasa, a dafa ƙwai da nama su nuna sosai, a guji nonon da ba a tafasa ba, a wanke 'ya'yan itace a ɓare su, ruwan sha ya zama tafasasshe ko tatacce. Mai ciwon ƙoda ya tambayi likita kafin ya ƙara furotin.

7. Alamomin da ba a kwana da su

Mu ɗauki misali. Wata uwa ce aka cire wa mama, ƙarshen ɗinkin wajen hammata bai gama rufewa ba, yau kwana 10 da sa mata kemo. Bayan isha'i ta ce wa 'yarta, "Miƙo min bargo, sanyi nake ji." 'Yar ta sa mata ma'aunin zafi, ya nuna 38.2. Ta duba mikin: ba mugunya, ba wani ja sosai.

"Inna, tashi mu tafi asibiti."

"Haba 'yar nan, da daren nan? Zazzaɓin sauro ne. Ba ni farasitamol, Allah ya kai mu safiya."

"Ki yi haƙuri, Inna. Nas ta ce in ya kai 38 ba a jiran safiya. Bari in kira Yaya ya kawo mota."

'Yar nan ta yi daidai, domin kwana 10 yana cikin kwanakin nan 7 zuwa 14 da fararen ƙwayoyin jini ke yin ƙasa. Mugunya mafi yawanta gawarwakin fararen ƙwayoyin jini ne. In ba su da yawa a jiki, miki zai iya ɗaukar cuta ba tare da ya yi mugunya ko kumburi ba, kuma cutar ta shiga jini cikin 'yan sa'o'i. Zazzaɓi na iya zama shi kaɗai ne alama. Farasitamol zai ɓoye shi ne kawai. Ko da zazzaɓin sauron ne, a asibiti za a gane. Ƙa'idar likitoci ita ce a fara wa irin wannan majinyaci maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya cikin awa ɗaya da isowarsa. Don haka kuna shiga ku faɗa da babbar murya cewa yana karɓar kemo, ku faɗi ranar da aka sa masa na ƙarshe.

A garzaya asibiti nan take in an ga ɗaya daga cikin waɗannan:

- zafin jiki 38 ko fiye, ko rawar sanyi, ko ruɗewa da saurin numfashi;
- ja ko kumburi da ke yaɗuwa, ko ciwon da ke ƙaruwa maimakon raguwa;
- mugunya, wari, ko naman da ya yi baƙi;
- jinin da bai tsaya ba bayan an danne da goz minti 10;
- ɗinki ya buɗe, ko ruwa mai ɗan ja-ja ya kwararo kwatsam daga mikin ciki. In hanji ya leƙo, kada a tura shi. A rufe da goz jiƙaƙƙe da salayin, majinyaci ya kwanta ya ɗan naɗe gwiwa, kada a ba shi ci ko sha.

Asfirin, ibufurofen da dikulofenak suna ƙara haɗarin zubar jini. Ba a ba mai karɓar kemo su sai da iznin likita.

8. Abin da asibiti ke yi wa mikin da ya tsaya

Likita zai fara da neman dalili: gwajin jini da na suga, awon nauyi, da ɗibar ruwan mikin don a san ƙwayar cutar da maganin da ke kashe ta. Yana iya kankare mataccen nama, ko ya zuƙe ruwan da ya taru a ƙarƙashin fata, ko ya ba da ƙarin jini. Akwai bandeji na musamman, wasu na shanye ruwa, wasu na ba busasshen miki laima. Ga wari, akan yi amfani da Flagyl bisa umarnin likita. Wasu manyan asibitoci suna da na'urar zuƙe miki, amma ba kasafai ake sa ta inda ake zargin sauran ƙwayoyin daji ba. In miki ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ana yankar ɗan nama a gwada, wani lokacin kuma a yi dashen fata.

Tambayoyi

1. Kawo matakai huɗu na warkewar miki.
2. Me ya sa kwana 7 zuwa 14 bayan kemo suka fi haɗari?
3. Yaya za ka yi da bandejin da ya manne?
4. Majinyaciya mai kilo 50, giram nawa na furotin take bukata a rana?
5. Me ya sa rashin mugunya ba ya nufin miki lafiya lau yake?

Aikin aji

Ku kasu biyu-biyu. Ɗaya ya ja layi da alli a kan kwali a matsayin ɗinki, ɗayan ya wanke shi mataki-mataki, sauran su gyara masa. Sannan kowane rukuni ya tsara abincin yini guda na majinyaci daga abin da ake samu a kasuwar garinku, tare da kuɗinsa.

Kira ga ɗalibai

In akwai mai karɓar kemo a gidanku ko maƙwabta, ku tabbatar akwai ma'aunin zafi a ɗakinsa, an rubuta ranar kemo ta ƙarshe da lambar asibiti a jikin katinsa, an kuma san wanda zai ba da mota ko da tsakar dare ne. Ku koya wa mutum ɗaya a gidan abin da kuka koya yau. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya saka wa masu jinyarsu da alheri.